Ku Je Ku Zauna Gaban Masu Sana'a Tun Suna Raye

'Ya'yana da jikokina, wanda bai taɓa tsayawa a marina ba, ranar da ya fara ganin an tsamo ƙyalle daga karofi zai yi zaton rinin ya ɓaci. Kore-kore ƙyallen yake fitowa. Marini kuwa ko a jikinsa. Sai ya matse shi, ya warware, ya bar iska ta buge shi, kana tsaye kana kallo koren zai riƙa juyewa yana zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, haka zai yi ta yi har launin ya kai inda yake so, ko shuɗi mai haske, ko wanda ya yi duhu har ya kusa baƙi. Masana kimiyya sun daɗe da yin bayanin wannan. Baba, wato abin rinin, ba ya narkewa a ruwa sai ya ruɓa a cikin ruwan toka, a nan ne yake samun shiga zare, idan kuma iska ta taɓa shi sai ya koma yadda yake ya maƙale a ciki. Wannan yana cikin littafi, kowa zai iya karantawa.

Abin da ba ya cikin littafi shi ne yadda marini yake sanin karofinsa ya nuna. Zai sa sanda ya motsa, ya dubi kumfar da ta taso, ya sansana, wani ma har ya ɗan taɓa a harshe. Daga nan zai ce toka ta yi yawa, ko ta yi kaɗan, ko a ƙara shuni, ko a rufe a bar shi ya huta tukuna. In ka ce masa, "Baba, yaya aka yi ka gane?" ba zai iya ba ka amsar da za ka rubuta ba, kuma ba rowa yake yi maka ba. Shi ma ba wanda ya faɗa masa. Zama ya yi a wurin, tun yana ɗebo ruwa da tankaɗe toka, har hancinsa da idonsa suka koya. Irin wannan ilimin hannu ne yake miƙa wa hannu. Ranar da aka kai mai shi makwancinsa, in bai ba kowa ba, to, an binne su tare.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Shekaruna sun ja, na yi aikin koyarwa har na ajiye, kuma a kan idona unguwar da na girma a cikinta, wadda a da kowane lungu ka bi sai ka tsallake zaren masaƙi, ta wayi gari ba ka jin ƙarar ƙoshiya ko ɗaya. Roƙona gare ku shi ne ku je ku zauna gaban waɗanda suka rage ku sa hannu ku koya, kuma ku ɗauki abin a matsayin aikin unguwa baki ɗaya, kada ku bar shi ga sa'ar yaro ɗaya ko biyu.

Ku sani ba ƙaramin abu ake magana a kai ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, babu abin da ya ɗauki hankalinsa kamar tufafi. Audugar ƙasar ce, matan ƙasar suka kaɗa, mazan ƙasar suka saƙa suka rina, sannan a ɗora wa raƙuma har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Ya kuma lura cewa a gidaje ake wannan aiki, kowane iyali na cin abinci daga ciki ba tare da sun bar muhallinsu ba. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan har yau, amma ka je ka ƙirga rijiyoyin da ke aiki, ka ƙirga waɗanda ƙasa da shara suka cike. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi, yadin nan da mabuga ke bugu da shuni har ya riƙa ƙyalli, wanda Buzaye ke ji da shi. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa, majemanmu ne suke jeme ta da bagaruwa, ayari ya tsallaka hamada da ita, Turawa su saya a can suna kiranta fatar Maroko.

Yadda aka yi abin ya ja baya ba ɓoyayye ba ne. A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, sannu a hankali garin rini ya cika kasuwa. Yadin kanti ya shigo da araha. Aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, 'ya'yan masaƙa da dama suka ajiye ƙoshiya suka tafi neman albashi, daga baya yawancin masaƙun nan su ma suka rufe ƙofa, aka yi biyu babu. Roba ta kori tulu da ƙwarya da akushi, siminti da kwano suka kori tubali da azara. Ni ba na cikin masu zagin zamani. Na sha ruwan famfo, na kwana a ɗakin kwano, kuma na san wahalar da uwata ta sha a kan mazari. Abin da ke damuna shi ne mun karɓi sabo mun saki na hannu gaba ɗaya, alhali ba wanda ya ce sai mun zaɓi ɗaya.

Akwai kuma abin da matasa ba su cika lura da shi ba, wato yadda sana'o'in nan suke riƙe da juna. Ku ɗauki laso, wanda magina ke shafe rufin soro da bango da shi don kada ruwan sama ya ci. Da me ake haɗa shi? Da katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin karofi, da gashin jima da ake kankarowa daga fata a majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Ke nan magini ba ya gama aikinsa sai marini da majemi sun yi nasu. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, azara daga giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Baduku yana jiran majemi, yana kuma jiran manomin da ya shuka karan dafi don jan rini, yana jiran maƙeri ya ba shi kashin maƙera don haɗa kuloko, baƙin da yake zane da shi. Maƙeri yana jiran masassaƙi ya yi masa ƙota, yana jiran baduku ya ɗinka masa zuga-zugi. Da irin wannan haɗin ne Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara da bakan gizo, ginin da masana gine-gine suka yi ta zuwa suna aunawa suna rubutu a kansa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ita ma ta ƙasa ce, kuma tana tsaye ne domin har yanzu akwai hannuwan da suka san yadda ake yi mata yaɓe. Idan marina ta mutu a gari, magini zai nemi katsi ya rasa, kuma ba zai daɗe ba shi ma zai manta yadda ake haɗa laso.

A da, gado ne ke riƙe da duk wannan. Ɗan maƙeri yana buɗe ido a maƙera, tun bai kai ɗaga masaba ba ake ba shi zuga. Ɗan masaƙi da wadari yake farawa, yana kai da komowa da zare tsakanin turaku. Yarinya tana gefen kakarta, ana gurza auduga tana tsince angurya, ana shiɓa tana kallo, wata rana a miƙa mata mazari da alli. Tsari ne mai kyau, ba a gaggawa a cikinsa, kuma yaro yana koyon ladabi da sanin darajar kayan aiki tare da aikin. Amma yana da rauni guda: ƙofarsa a rufe take. Wanda ba ɗan gida ba da wuya a nuna masa, ɗan gida kuwa in ya ƙi, shi ke nan. Yau ɗan gidan yana makaranta tun safe har azahar, da yamma yana Islamiyya, kuma haka ya kamata, ba zan taɓa ce wa kowa ya cire ɗansa daga makaranta don ya yi zuga ba. Tunda haka ne, gado shi kaɗai ba zai iya ɗaukar kayan ba. Dole a buɗe wata ƙofar, kuma ni a ganina ita ce ajin unguwa, inda gwani zai zauna a wurin aikinsa, duk mai so ya zo a lokacin da aka tsayar, ko ɗan wane ne.

Sai dai ina so ku bambance wannan da wani abu da ya yi yawa yanzu. Na sha ganin an tara matasa a babban ɗakin taro an ce za a koya musu sana'a. A yi jawabai, a kawo wani ya tsaya gaban allo yana bayani, a ɗauki hoto, bayan 'yan kwanaki a raba takardar shaida da kayan aiki. Wasu tun a bakin ƙofa suke sayar da kayan, domin sun san ba su iya komai da su ba, kuma ba na ganin laifinsu sosai. Mai shirya irin wannan taro wataƙila niyyarsa mai kyau ce, amma ba a koyon ƙira a kan kujerar roba. Sai an ji zafin wuta a fuska, an ga yadda ƙarfe ke tashi daga baƙi zuwa ja zuwa ruwan ɗorawa, an san a wane launi ake bugu, a wane launi ake tsoma shi a ruwa. Mu ma a firamare mun yi zamanin da akwai darasin aikin hannu, kowane yaro ya tufka igiya ko ya saƙa mafici ya kawo a ba shi maki. Daga baya aka koma yaro ya sayo a kasuwa ya kawo, daga nan aka koma ya kawo kuɗin kawai. A nan ne muka koya wa 'ya'yanmu cewa aikin hannu abin da ake fansa ne da kuɗi a huta.

Bari in gaya muku abin da na gani da idona, don gani ya kori ji. A unguwarmu akwai wani dattijo baduku, wanda gafakarsa da kubensa suka yi suna tun muna samari. 'Ya'yansa duk sun kama wasu hanyoyin, wani yana tuƙa A Daidaita Sahu, wani yana kudu yana kasuwanci. Da muka je masa da maganar ya koya wa yaran unguwa, da farko ƙi ya yi. Ya ce sana'ar gidansu ce, ubansa bai nuna wa bare ba. Liman ne ya yi ta binsa da lallami har ya amince. Mai unguwa ya ba da zaure, iyaye suka riƙa haɗa abin da za a ba shi duk wata, kowane ɗalibi kuma ya sayi fatar da zai yi aiki da ita da kuɗinsa. Ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar ake zama.

Yaran sun zo da zumuɗin su ɗinka takalmi a ranar farko, sai ya miƙa musu dutse ya ce kowa ya wasa wuƙarsa. Da ya gamsu da kaifin, sai ya zube musu guntayen fata ya ce su yi ta yanka a miƙe. Wasu suka gaji suka daina zuwa, bai aika a kira su ba. Cikin waɗanda suka tsaya akwai wani saurayi da ya gama jami'a yana jiran aiki, mai kaifin kai, mai yawan tambaya. Da aka kai ga takalmi, ya yi nasa fes, ɗinkin ya jeru, amma bai daɗe a ƙafa ba madaurin ya saki. Ya kawo yana ɓacin rai. Dattijon bai yi masa dogon bayani ba. Ya yanko siraran fata biyu daga fata guda, ya miƙa masa ɗaya.

"Ɗana, ja wannan."

Ya ja. "Baba, ai wannan miƙewa yake yi."

"To, ja wannan kuma."

Ya ja, fatar ta tsaya cak.

"Na farkon daga ciki na yanko shi, na biyun daga gadon baya. Ciki na jaka ne da shafi. Abin da zai ɗauki nauyi, a baya ake fitar da shi."

Saurayin ya daɗe yana jujjuya fatun nan biyu a hannunsa. Tun daga ranar, kafin ya sa wuƙa sai ya shimfiɗa fata ya bi ta da tafin hannu, ya ja nan ya ja can. Na yi shekaru ina koyarwa a aji, na san wahalar shigar da abu ɗaya a kan ɗalibi, amma ban ga darasin da ya zauna da sauri kamar wannan ba. Wani abin da ya faranta mini rai kuma shi ne yadda dattijon da kansa ya sauya. Mutumin da ke wuni shi kaɗai a ƙofar gida, yanzu tun azahar yake sa a share zaure. Da ya kwanta rashin lafiya, yaran nan ne suka riƙa kai shi asibiti bi da bi.

Kada ku ɗauka wannan tunani baƙo ne a wajenmu. Makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, tana da sashen sana'o'in hannu tare da na karatu. A Yamai, gidan tarihin ƙasa da aka kafa a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, ya ware wa masu sana'a wuri suna aiki a gaban jama'a, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa, kana kallo kana saye. Amma labarin da na fi so ku riƙe shi ne na Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin tana ginin tukunya. 'Yar ƙabilar Gbagyi ce, a ƙauyensu ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya wajen wata dattijuwa a danginta, da hannu zalla, tana zagaya tukunyar tana ɗora yumɓu. Tun kafin Turawa su san ta, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yake tara tukwanenta saboda kyansu. A farkon shekarun 1950 wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yanzu, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. A can ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu, da shafen ƙyalli, da gashi a tanda mai tsananin zafi. Amma ba ta yar da abin da ta zo da shi ba. Manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su, da zanen ƙadangare da kunama da kifi irin na gida. Su ne aka kai Ingila da Faransa da Jamus da Amurka, ita kuma ta tsaya gaban jama'a a can tana nuna yadda ake yi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ku lura da tsarin: sai da hannunta ya ƙoshi da na gida, sannan na waje ya amfane ta. Ajin da zai raina abin da tsofaffi suka sani, ya ce sai nasa, ba zai fitar da irinta ba.

Ga mata kuwa, abin ya fi gaggawa, don sana'o'insu a cikin gida suke, ba wanda ke ganin ɓacewarsu. Mata nawa ne suka rage a unguwarku da suka iya kaɗi, suka san bambancin zare da abawa a yatsunsu? Nawa ne suka iya saƙar faifai mai launi, ko zanen ƙwarya, ko dafa sabulun salo daga toka, ko haɗa daddawa tun daga kalwa har ta nuna? Goggo ko Inna da ke zaune a ƙuryar ɗaki, ana ganin ta gama amfani, wataƙila ita kaɗai ta rage da wannan sani a duk layinku. 'Ya'yana mata, ba sai kun nemi izinin wata hukuma ba. Tsakar gida ta isa, da tabarma, da yardar masu gida. Muna da abin koyi a tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa jaji ta tura ta ƙauyuka ta koyar da mata a inda suke. Ilimin addini ta yaɗa ta wannan hanya, amma hanyar tana nan ga duk mai son bi: a koya wa kaɗan sosai, su kuma su je su koya wa wasu.

Yanzu ga 'yan'uwana dattawa masu sana'a. Na san abin da ke ranku. Kun sha wuya kafin ku iya, an zage ku, an dake ku, kun yi shekaru kuna aike kafin a bar ku ku taɓa kayan aiki, yanzu kuma a ce ku zube wa ɗan wani a sauƙaƙe. Na kuma san tsoron kada wanda ka koya wa ya buɗe rumfa a gefenka ya ɗauke maka masu ciniki. Amma ku tuna zamanin da ba ashana a kowane gida, maƙwabciya takan aiko yaro da katanga a ɗebar mata wuta. Wutar murhunku ba ta taɓa raguwa don an ɗiba ba, kuma ranar da taku ta mutu, a gidanta za ku samo. Abin da kuke kira asirin sana'a, in na haɗin rini ne ko na sanin ƙasar da ta dace da tubali, amana ce aka ba ku, kuma za ta fi muku amfani a matsayin sadaka mai gudana fiye da a ce kun tafi da ita. Ku kuma sassauta hannu. Yaran yanzu ba sa zama inda ake zaginsu, kuma ban ga abin da zagi ya taɓa ƙara wa ɗinki ba. Kada kuma a fake da koyarwa a mai da ɗan mutane, musamman almajiri, bawan aike shekara da shekaru ba a nuna masa komai ba. Wannan zalunci ne, Allah kuma zai tambaya.

Ku kuma matasa, na san tambayarku, kuma tambaya ce ta gaskiya: "Baba, akwai kuɗi a ciki?" Ba zan yaudare ku ba. Saƙar hannu ba za ta yi gasar araha da yadin da ake shigowa da shi dila-dila ba. Wanda ya ce zai ci da iyali da tulu kaɗai a cikin birni zai sha wuya. Amma ku dubi ɗaya gefen. Duk damina manomi na neman fartanya da garma da lauje, kuma na maƙeri yake saye. Hula mai ɗinkin hannu da babbar riga mai aska takwas ba su taɓa rasa mai saye ba, kuma mai kuɗi ya san bambancinsu da na inji. Duk hawan salla sai an nemi kayan doki. Duk amarya sai an kai ta da turmi da taɓarya. Takalmi da jaka na fatar gaske suna da kasuwa har a ƙasashen waje, kuma ku kuna da abin da iyayenku ba su da shi, wato wayar hannu da za ku nuna kayanku ga wanda bai taɓa zuwa Kasuwar Kurmi ba. Wanda ya haɗa gwanintar tsoho da lissafi da sanin kasuwa irin na ɗan makaranta, shi ne zai ci riba. Ko da kuwa ba ka mai da ita hanyar abinci ba, mutumin da ya iya gyara ƙotar gatarinsa, ya yaɓe katangarsa, ya ɗinke takalmin ɗansa, ba ya zama abin tausayi ranar da albashi ya makara. Sana'a goma maganin mai gasa, in ji magabata.

Sai maganar kunya, wadda ita ce babbar cutar. Akwai mai digirin da zai yarda ya shekara yana zaman majalisa a bakin titi, amma ba zai yarda a gan shi da baƙin hannu a marina ba. Akwai gidajen da har yau suke ƙyamar ba wa ɗan majemi ko ɗan maƙeri aure. Wannan ba daga addini yake ba. Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sulke yake ƙerawa yana ci daga aikin hannunsa, ga annabci ga mulki. Annabi Zakariyya kafinta ne. Annabi Nuhu da hannunsa ya sassaƙa jirgi. Wane ne kai da za ka ga ƙasƙanci a abin da suka yi?

In kun tashi kafa ajin, ku kiyaye wasu abubuwa da na ga suna rusa irinsa. A yi shi a inda ake aikin, a maƙera, a marina, a rumfar baduku, kada a ɗauko gwani a kai shi wurin da zai zama baƙo. Kada ɗalibai su fi abin da idonsa zai iya bi, don in sun yi yawa kallo za su yi, ba aiki ba. A biya shi, kuma a biya shi a kan lokaci, kada a ce ai don Allah yake yi, shi ma yana da cefane. Ɗalibi ya sa wani abu daga aljihunsa ko yaya ƙanƙantarsa, don na lura abin da aka samu kyauta ba a cika riƙe shi da kyau ba, marayu da marasa hali kuma masu hali su ɗauke musu a asirce. Kowa ya gama abu guda daga farko har ƙarshe, ko da kube ne, ya kai shi kasuwa da kansa ya ji abin da mai saye zai ce. Wuta da kaifi da ruwan jima ba na ƙananan yara ba ne, a fara musu da igiya da kaba da yumɓu. Ku ɗauki hoton bidiyo da muryar tsofaffin da izininsu, ku rubuta sunayen kayan aiki da na itatuwa, wannan zai taimaki na baya, amma kada wanda ya ɗauka ya zaci ya iya. Kuma kada ku jira gwamnati ko wata ƙungiya ta zo da kuɗi kafin ku fara. In sun zo daga baya sun tarar kuna yi, madalla.

Mu da muka wuce koyo, namu shi ne mu saya. In za ka yi wa ɗanka kyautar sauka, sa a ɗinka masa gafaka. In za ki aurar da 'yarki, sa faifai da akushi na hannu a cikin kayan ɗaki. Kada ka tsaya kana yi wa mai aikin hannu tayin wulaƙanci a kan abin da ya ɓata mako yana yi, alhali a kanti ko ragi ba ka nema.

Saboda haka wannan Juma'ar, in an sauko daga masallaci, mutum uku ko huɗu a cikinku su sami mai unguwa da liman. Ku zauna ku lissafa tsofaffin da suka rage da wata sana'a a hannu, maza da mata, ku fara da wanda ya fi tsufa. Ku je gidansa da goro, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce kun zo ya koya muku. In ya ƙi, ku koma. Allah ya ba ku haƙurin zama, ya yi wa hannuwanku albarka.